Shekarar da Shinkafarmu Ta Yi Ɗorowa

Mutane huɗu ne a cikin wannan babi, kuma ya kamata ku san matsayin kowannensu kafin ku karanta abin da ya auku. Na farko shi ne Kawu Magaji, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shi ne mai gidan nan da kuka sani a Unguwar Maje, tsakanin Funtua da Malumfashi. Ta biyu Inna Hajo, matarsa, wadda irin shukar gidanmu yake hannunta. Na uku Nomau, Bamaguje, maƙwabcin Kawu a fadama, wanda layin gamba kaɗai ya raba gonarsa da tamu, suka kuma yi shekara talatin da ɗaya suna noma a kan iyaka guda. Na huɗu ni ne, Hamisu, mahaifinku, a lokacin ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar koyon aikin gona ba, an turo ni ƙasarmu a matsayin malamin gona, an ba ni keke da littafin rubuta rahoto.

Kun taso kuna jin ana cewa Nomau ya ɗaure fadamarmu da tsafi, shi ya sa shinkafa ta lalace a daminar da ta biyo bayan raba Arewa jihohi. Wasunku sun maimaita wannan magana a gabana, ban tsawata musu ba. Ƙarya ce. Ni na san ƙarya ce tun kafin a yanke shinkafar, kuma ni ne na bar ta ta rayu har ta iso kunnuwanku.

Sai na fara gaya muku irin mutumin da nake a wancan zamani. Ina son Hausa so mai tsanani, amma irin son da yake hana mutum sauraro. Na yi imani cewa kowace kalma tana da sura guda ɗaya ingantacciya, wadda ake bugawa a littafi, sauran kuwa duk lalacewar harshe ne. Idan manomi yana yi mini bayanin gonarsa, rabin hankalina yana kan bakinsa, ina ƙirga inda ya karkace. Akwai wani takin zamani da aka saba rabawa a lokacin, wanda a ofis muke kira salfa. Manoma kuwa gishiri suke ce masa, domin kamanninsa. Wannan suna yana ɓata mini rai ƙwarai. Nakan tsayar da dattijo a tsakiyar magana in ce masa gishiri na miya ne, wannan taki ne. Su yi dariya, su ce to Malam, gobe kuma su sake cewa gishiri.

Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, jirgin ƙasa ya sauke wani sabon taki a Funtua, fari, ƙwayoyinsa dunƙule-dunƙule. Nan take mutane suka sa masa suna ƙanƙara. A makaranta an koya mana cewa buhunsa ɗaya ya kai biyu na gishiri wajen ƙarfin da yake ba ganye, kuma wannan gaskiya ne. Na ga cewa babu inda ya fi dacewa in nuna aikina kamar gonar gidanmu. Na zaunar da Kawu na ba shi shawarwari uku: ya bar gishiri ya koma ƙanƙara, ya riƙa ƙone tushiyar shinkafa bayan girbi domin kashe tsutsa, ya kuma daina wahalar roƙon Fulani su kwana da shanunsu a fadama da rani, tun da taki ya zo a buhu. Kawu ya amince, ba don ya gamsu ba, sai don ba ya son a ce ɗan ƙanwarsa ya yi karatu amma gidansu ne na farkon ƙin jin maganarsa. A shekarar farko shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Kawu ya riƙa ba da labarina a kasuwar Malumfashi, har gidaje biyar na unguwarmu suka bi sahunmu. Nomau kaɗai ya ƙi.

“Ni da gishirina da kashin shanuna,” in ji shi. “Ƙanƙara dai da na sani ɓarna take wa gona. In ta ɗan takarda daban ce, mu gani.”

Haka yake kirana, ɗan takarda. Kawu kuwa yana ce masa Sarkin Tulu, saboda giyar gidansu, shi kuma yana ce wa Kawu Mai Buta. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunansa na yanka ba sai in magana ta yi nauyi.

A damina ta biyu muka shuka jar shinkafar gidanmu, irin da kakata ta zo da shi daga garinsu, wanda Inna Hajo take adanawa a cikin tukunya da toka. Ita ce ta ɗiba wa matar Nomau irin tun shekarun baya, saboda haka shinkafa iri ɗaya ce a gonakin biyu. Ta tsiro lafiya. Amma bayan kamar mako biyar sai ta tsaya. Ba ta yi 'ya'ya a gindi yadda ta saba ba, karanta ya sirance, launinta ya koɗe. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, daga layin gamba zuwa gabas, gonar Nomau kore shar take, kamar an ja zare an raba launi biyu.

Wata safiya muna tsaye ni da Kawu a bakin iyaka, sai ga Nomau da fartanyarsa a kafaɗa. Ya tsallako gamba ba tare da neman izini ba, kamar yadda ya saba, ya durƙusa ya buɗe tsakiyar wani gindi da yatsunsa.

“Mai Buta, alwala ta hana ka duba shinkafarka? Ai ta yi ɗorowa.”

“Ɗorawa ake cewa, Baba Nomau,” na ce masa. “Kuma abin da kake nufi shi ne ta yi rawaya.”

Ya ɗago kai ya dube ni, ya yi dariya har da tari.

“To, ka gyara mani baki, bari ni kuma in gyara maka ido. Duƙo nan. Rawaya daban, ɗorowa daban. Rawaya daga ƙasa take hawa, tsohon ganye take fara ci, ta bar na sama da ɗan korensa. Wannan yunwa ce, ka ba ta taki ta miƙe. Amma dubi wanga. Tsohon ganye da sauran korensa, sabon da ke fitowa daga ciki shi ne ya koɗe, fari-fari kamar garin ɗorowa. Daga sama take sauka. Ina yaro na gan ta a gonar da shanu suka daɗe ba su kwana ba. Ubana shara da kashin shanu yake kai mata. Tun da gishiri ya zo ban sake ganinta ba sai yau.”

“Launi ɗaya ne,” na ce. “Ruwan ɗorawa da rawaya duk abu guda suke nufi.”

“A takarda,” in ji Nomau.

Kawu bai shiga gardamar ba. Da Nomau ya koma gonarsa sai ya ce da ni:

“Hamisu, ka rubuta wa manyanku. Amma ka rubuta yadda ya faɗa.”

Na ce to. Da azahar na zauna a zaure da takarda da alƙalami. Wasiƙar da Turanci za a rubuta ta, zuwa ga mai binciken ƙasa da ke kula da shiyyarmu. Na buɗe ƙamusuna na duba rawaya, na duba ruwan ɗorawa, na tarar kalmar Turanci guda ce a gaban kowacce. Na ji daɗi, domin littafi ya goyi bayana. Ina iya tuna cewa na fara rubuta jimla game da sabon ganye da tsohon ganye, sa'an nan na tsaya. Na yi tunanin yadda za a karanta wasiƙar a ofis, a ga malamin gona mai takardar shaida yana kafa hujja da maganar tsohon da bai san ko harafi ɗaya ba, wanda ko sunan ɗorawa bai iya faɗa daidai ba. Na soke jimlar, na sake sabuwar takarda domin kada a ga inda na soke. Abin da na aika shi ne: ganyen shinkafa ya yi rawaya, tsiro ya tsaya, ana neman shawara. Wasiƙa ce mai tsabta, babu kuskuren rubutu ko ɗaya a cikinta.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo, kuma amsa ce daidai da tambayar da na yi: rawayar ganye alamar ƙarancin abincin ganye ce, a ƙara ƙanƙara. Na karanta wa mutane a ƙofar masallaci, ina fassarawa da Hausar da nake taƙama da ita. Gidaje shida muka ƙara taki. Shinkafa ba ta motsa ba, sai ma ƙara koɗewa da ta yi, ciyawa kuwa ta samu abin da take so.

A nan ne magana ta fara sauya hanya. Kowace shekara, idan ruwan farko ya sauka, Nomau yakan yanka jan zakara a gindin tsamiyar da ke kan fadama, bisa al'adar iyayensa. Shekara talatin ana ganin wannan, babu wanda ya taɓa damuwa. Kawu ma har tsokanarsa yake yi, yana cewa a aiko masa da cinya in an yi bisimilla. Amma a wannan shekara sai aka tuna da zakaran. Aka ce ta yaya cuta za ta zo daidai layin gamba ta tsaya? Aka ce takin Turawa ma ya kasa, ashe abin ba na ƙasa ba ne. Aka ce ya ji haushin yabon da aka yi wa gidanmu bara. Maganar ta shigo har cikin gidanmu ta bakin masu zuwa ɗibar wuta. Inna Hajo ce kaɗai na ji ta ƙi ta a fili.

“Ku raba ni da wannan zance,” in ji ta, tana tankaɗe. “Matar Nomau ce ta karɓi haihuwata sau uku. In da ɗaure abu suke yi, da ni suka fara ɗaurewa. Hamisu, kai da ka yi karatu, ba ka da abin cewa?”

Na ce mata ana kan bincike. A lokacin ban yi ƙarya ba, domin ni ma ban sani ba.

Na sani ne ranar da mai binciken ƙasar ya zo da kansa. Sunansa Malam Tanimu, dattijo ne mutumin Zariya, shi ne ya amsa wasiƙata. Yana kan hanyarsa ta zuwa Malumfashi ya ratso ya ga yadda shawararsa ta yi aiki. Ranar kasuwa ce, unguwa ba kowa, saboda haka mu biyu kaɗai muka gangara fadama. Ya naɗe wandonsa, ya shiga cikin ruwa, ya tumɓuke gindi ɗaya, ya buɗe tsakiyarsa da yatsu, daidai yadda Nomau ya yi.

“Wane ganye ne ya fara koɗewa, sabo ko tsoho?”

“Sabo, ranka ya daɗe.”

“Ka lura da haka tun farko?”

“An nuna mini.”

“To me ya hana ka rubuta mini?”

Ya tambaye ni abin da muke zubawa da, da abin da muke yi da tushiya, da ko shanu suna kwana a wurin. Na gaya masa duka. Ya jefar da shinkafar, ya wanke hannunsa, sa'an nan ya yi mini bayani a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya ce shuka tana bukatar farar wuta, ita dai wadda ake sayarwa a kasuwa domin maganin ƙazuwa; kaɗan take bukata, amma in babu ita, sauran abincin ba ya amfanarta. Ya ce ƙasarmu ta Arewa dama ba ta da ita da yawa. Gishiri yana ɗauke da ita, daga nan ma sunan salfa ya fito. Kashin shanu da ruɓaɓɓiyar tushiya suna mayar da ita ƙasa. Ƙanƙara ba ta da ita ko kaɗan, wuta kuma tana kore ta cikin hayaƙi. Ƙofofi uku ne take shigowa gonarmu, ni kuma na rufe su duka a shekara guda.

“Da ka rubuta mini sabon ganye,” in ji shi, “da buhu biyu na gishiri sun tashe ta wata guda da ya wuce. Yanzu ta riga ta yi ciki, abin da za a samu kaɗan ne. Laifin har da nawa, da ban tambaye ka ba. Waccan koriyar gonar ta wane ne?”

“Ta wani tsoho ce.”

“Ka ɗauki littafinka ka je ka zauna wurinsa. Kuma ka tara mutanen nan ka gaya musu, kada su sake a baɗi.”

Na ce to, ranka ya daɗe. Ya shiga motarsa ya tafi.

Ban tara kowa ba. Kullum nakan ce gobe. Na tsara jawabin a raina sau da yawa, na zaɓi kalmominsa, amma duk yadda na juya shi, ƙarshensa ɗaya ne: gidaje shida sun rasa abincin shekara saboda ni, kuma tsohon da na gyara wa baki a gaban Kawu shi ne mai gaskiya. Aka yanke shinkafa, aka buga, rabinta ƙaiƙayi. Nomau ya aiko wa Inna Hajo da dami uku daga tasa, Kawu ya karɓa, amma maƙwabta suka ce kada a ci, aka bar su a zaure har ɓeraye suka gama da su.

Bayan girbi mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa da hantsi, domin mutane sun matsa masa. Nomau ya zo shi kaɗai, ya zauna a ƙasa, ya ajiye sandarsa. Aka faɗi maganar zakara, aka faɗi maganar layin gamba. Wani ya kira shi da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Ya saurara har suka gama, sa'an nan ya juyo wajena. Ina zaune a kan kujera, domin ni ma'aikaci ne.

“Hamisu,” ya ce. Ranar ce kaɗai ya taɓa kirana da sunana. “Ranar kasuwa ina kan tudu ina gyaran rumbu, na ga motar babbanku. Na ga ya shiga ruwa ya buɗe shinkafa. Ban ji mi ya ce maka ba. Kai ka ji. Gaya masu.”

Kowa ya juyo. Kawu yana gefena, ina jin numfashinsa. Na miƙe tsaye, na gyara rigata, na ce:

“Ranka ya daɗe, jama'a, al'amarin yana hannun masana, kuma ba a kammala bincike ba tukuna. Ba zai dace in yi gaggawar yanke hukunci a kan abin da ba a tabbatar ba.”

Na zauna. Nomau ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, kuma da akwai da ya fi mini sauƙi.

“Hausarka ta yi kyau, ɗan takarda,” ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Mai unguwa bai kore shi ba, kuma ina so ku san wannan, domin kada ku ɗora wa mamaci abin da bai yi ba. Cewa kawai ya yi a bar yanka a gindin tsamiya. Amma daga ranar babu wanda ya sake zuwa gayyar Nomau, mata suka daina sayen daddawar matarsa, in ya yi gaisuwa a hanya sai a amsa ana kallon wani wuri. Kafin rani ya raba, ya ɗaure kayansa a kan jakuna, shi da iyalinsa suka nufi dajin da ke yamma da Dandume, inda danginsa suke saran sabuwar gona. Kawu ya fita da safe ya tsaya a bakin hanya. Shi da Nomau suka dubi juna, kowannensu ya ɗaga hannu. Inna Hajo ta raka matar Nomau har rafi.

Da damina ta kewayo na je Funtua na karɓo gishiri, na raba wa gidajen shida, na ce sabon umarni ne daga sama. Na hana ƙona tushiya, na ce shi ma umarni ne. Muka shuka farar shinkafa da aka samo daga kasuwa, domin tamu ba ta bar abin da zai yi iri ba. Fadama ta yi kore daga wannan baki zuwa wancan. Mutane suka ce, kun gani, yana tashi ƙasa ta warware. A ofis kuma aka yaba mini da farfaɗo da fadamar Maje, aka ba ni babur.

Kawu ne kaɗai ya haɗa lissafin. Wata rana da la'asar ya same ni ina auna taki a zaure, ya ɗebi kaɗan a tafin hannunsa, ya murza.

“Gishiri ne wannan.”

“E, Kawu.”

“Abin da Nomau ya ce ke nan.”

“E.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun kafin taron.”

Ya zubar da abin da ke hannunsa cikin buhu, ya karkaɗe tafinsa a hankali, ya shiga gida. Bai gaya wa kowa ba, domin faɗar gaskiyar tana nufin tozarta ɗan ƙanwarsa a gaban unguwa, kuma ba zai iya ba. Saboda haka na sa shi ma ya ɗauki shirun da ba nasa ba, ya riƙe shi shekara tara har ya rasu. A cikin shekarun nan bai sake ce mini Hamisu ba. Malamin gona yake kirana, kamar yadda baƙi suke yi.

Na nemi Nomau sau ɗaya, bayan rasuwar Kawu. Aka ce mini ya riga shi da shekara biyu, 'ya'yansa kuma sun warwatsu.

Ga abin da aka rasa. Shinkafar gidaje shida ta shekara guda. A gidanmu kaɗai, dami tamanin da muka saba samu ya koma goma sha tara. Jar shinkafar kakata, wadda ba ta saura a ko'ina ba sai a rumbun Nomau, kuma ta tafi tare da shi. Dami uku na kyauta da ɓeraye suka ci. Gida guda mai mutum goma sha huɗu. Unguwarzoma ɗaya. Abota ta shekara talatin da ɗaya. Sunan mutum ɗaya wanda bai yi komai ba.